Takardar Birkin Lamba Goma Sha Huɗu

Bas mai lamba goma sha huɗu ta ƙi tsayawa da safiyar Talata a gangaren masaƙa. Direban ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba. A gabansa ga mutane cunkus a bakin ƙofa suna jiran a buɗe, sai ya karya kan motar ya ba katanga. Ma'aikata talatin da ya ɗauko suka fito da ƙujewa da kumburi. Shi kuwa sai da aka yanka ƙarfe kafin aka zaro shi, ƙafar dama ta karye gida biyu.

Kafin rana ta take, Bakaniken da ke gwada motocin kamfanin sufurin ya iso ofis da man inji har gwiwar hannu, yana rantsuwa. Ya ce mako uku da suka wuce ya gwada motar nan ta faɗi gwajin, ya rubuta takardar hana ta hawa titi, ya maƙala a imel ya aika wa Sakatariya kamar yadda ya saba. Tsarin kamfanin kuwa tun zamanin marigayi mijin Hajiya mai kamfanin shi ne: in mota ta je gwaji aka kwana biyu takarda ba ta zo ba, lafiyarta lau, a mayar da ita aiki.

Sakatariya ta ce ba ta ga takarda ba. Ba wanda ya yarda. Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne, direban da ke kwance a asibiti yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gindin rumfar direbobi wasu suka ce goge saƙon ta yi garin taɗi a waya, kunya ta hana ta faɗa. Wasu suka tono tsohuwar rigimarta da yayan a kan wanda zai riƙe tsohuwarsu. Da ta je asibiti, matar yayan ta tare ƙofar ɗaki ta ce ta koma ta ci gaba da danne-dannenta, nan ba a bukatar ta.

Hajiya mai kamfani ta ce ta ba da kwana uku. In ran Juma'a ba a ga wani mai laifi ba, za ta sallami Sakatariya ta miƙa sunanta ga 'yan sanda. Lauyanta ne ya ce kafin nan a kira Mai Sawu.

* * *

Mai Sawu dattijo ne siriri mai tafiya kamar yana gudun taka wani abu. Shekara ashirin ya yi yana bin sawun maɓarnata a gandun daji, gwiwa ta gaza, ya shiga ajin kwamfuta tare da sa'o'in 'ya'yansa. Yanzu in wasiƙa ta ɓata ko fayil ya yi ƙafa, shi ake kira.

Ya tarar da Sakatariya zaune a kujerar baƙi, don an ƙwace mata makullin teburinta. Idonta ya yi ja amma ba na kuka ba. Tun kafin ya zauna ta ce masa in shi ma ya zo ne ya tambaye ta ko ta duba kwandon shara na imel, to ta duba sau ɗari, kuma wanda ya sake tambayarta za ta faɗa masa maganar da ba zai so ba.

Bai tambaye ta ba. Ya ce ta ba shi labarin aikinta tun daga buɗe ƙofa. Ta fara a fusace, ta lissafa: takardun direbobi, jadawalin masaƙa, wasiƙun Hajiya, sai mai sayar musu da tayoyi wanda kowace Litinin yake aiko jerin kayansa a irin fayil ɗin da kwamfuta ba ta yarda da shi. Kullum wasiƙar ta iso babu fayil, sai wani ɗan rubutu a ƙasa cewa an cire abin da aka maƙala. Sai ta kira shi ya karanto mata ta waya. Shekara biyu ana wannan wahala.

"Litinin ɗin nan ya aiko?"

 Ta ce a'a. Ta waccan ma a'a. Ita ta ɗauka ya gaji ne, har ta ji daɗi.

"Ko kin kira shi?"

Ta kira a gabansa. Mai tayoyi ya ce bai fasa ko sau ɗaya ba, shi ma yana mamakin shirun da ta yi masa, ya ɗauka sun koma wajen wani.

Mai Sawu ya rubuta kwanan wata a bayan hannunsa. Ya ce, "'Yata, ba takardarki kaɗai ta ɓata ba."

* * *

Kwamanda shi ke raba motoci da direbobi. Ba soja ba ne, tsawa ce ta sa masa sunan. Mai Sawu ya same shi a gaban babban allon jadawali yana goge lamba goma sha huɗu, alƙalamin allo a maƙale tsakanin babban yatsa da na tsakiya, don bel ɗin fanka ya cinye rabin manuniyarsa tun yana yaron mota.

Ya ce shi bai da lokacin zama. Masaƙa bas goma sha biyu take so kowace safiya, in aka kawo sha ɗaya kwana uku a jere an soke yarjejeniya, direbobi arba'in su koma gida. Yanzu ga mota ɗaya ta zama gwangwani saboda sakacin wata. Amma ya rage murya ya ce in dattijo yana son gaskiya, ya bar yarinyar nan, ya dubi Injiniya mai kula da kwamfutocin ofis. Shi kaɗai ke da kalmar sirrin kwamfutar wasiƙu, kuma watanni yana ƙorafin ba a daraja aikinsa.

Daga nan Mai Sawu ya tafi garejin Bakanike. Wannan ya nuna masa saƙon a wayarsa: an aika ran uku ga wata, ƙarfe huɗu na yamma, sunan fayil ɗin ya fara da kalmar "gwaji" kamar duk takardunsa. Ba abin da ya dawo masa na cewa bai isa ba. Mai Sawu ya tambaye shi me ya hana shi ɗaga waya, tunda rai ne a ciki. Bakanike ya harzuƙa, ya jefar da sifana, ya ce shekara nawa yana kira ana ce masa a rubuce ake so? Kuma wa zai kira? Shi da Kwamanda ba sa ga maciji, ranar ma da Kwamandan ya kawo motar da kansa da safe, ajiye makulli ya yi a kan benci ya juya ko sallama babu.

"Da kansa ya tuƙo ta?"

"Da kansa. Direban yana hutu."

* * *

Ɗakin kwamfutar wasiƙu ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, kuma shi kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki a duk ginin. Mai Sawu ya ga kujeru uku, butar shayi, da takalmin wani a ƙarƙashin tebur. A bakin ƙofa akwai na'urar ɗaukar hoton takardu wadda murfinta ya karye tun bara, an jingine shi a bango.

Injiniya mutum ne mai son a ji shi. Ranar Talata da Alhamis kawai yake zuwa. Ya fara da faɗa, ya ce ya san an kai sunansa, kuma duk wanda ya kai ɗin bai san bambancin linzamin kwamfuta da na doki ba. Mai Sawu ya bar shi ya huce, sannan ya roƙe shi ya koya masa yadda ya tsara manhajar kariya mai tace wasiƙu, kamar yana koya wa jahili.

Nan Injiniya ya saki jiki. Ya ce wasiƙa iri biyu manhajar ke tarewa. Akwai mai ɗauke da cuta, wannan a jefar da ita gaba ɗaya. Akwai kuma wadda ba ta da cuta amma fayil ɗin da ke jikinta yana cikin jerin waɗanda aka hana. Wannan, a cire fayil ɗin, a isar da wasiƙar, a sanar da mai karɓa da mai aikowa. Haka ya tsara da hannunsa. Ya buɗe shafin don ya nuna.

An canja. A gaban fayilolin da aka hana, an zaɓi a jefar da wasiƙar duka. An cire alamar sanar da mai aikowa. A ƙasan jerin kuma an ƙara sabuwar doka: duk fayil ɗin da sunansa ya fara da "gwaji". Rajistar manhajar ta nuna an yi canjin ran uku ga wata, sha biyu da rabi na rana, da sunan mai kula da kwamfuta.

"Wato da sunanka," in ji Mai Sawu.

Injiniya ya miƙe tsaye. Ya ce uku ga wata Laraba ce, yana can wani kamfani a ƙetaren gari, mutum goma za su shaida. Mai Sawu ya tambaye shi ina yake ajiye kalmar sirrin. Ya ce a kansa. Mai Sawu ya ɗaga kalandar da ke rataye a bango. Ga ta nan a baya, da jan biro, har da layi a ƙarƙashi.

Injiniya ya koma ya zauna. Ya amsa cewa duk ofis ɗin nan ake shan iska da rana: Sakatariya, Kwamanda, mai gadi, har Hajiya in zafi ya yi yawa. Ya amsa cewa yakan yi aiki suna kallo, yakan kuma yi musu bayani, don mutum in ya iya abu ai ba laifi ya nuna.

Mai Sawu ya ja shafin ƙasa, can inda sai an gangara ake gani. Akwai wani ɗan akwati da alama a ciki: kafin a jefar da kowace wasiƙa, a tura kwafinta zuwa wani adireshi. Ya nuna da yatsa.

Injiniya ya ce shi bai taɓa wannan ba, haka ya gada. Adireshin marigayi ne. Shekara biyar Hajiya ta hana a rufe shi, ta kuma hana a buɗe.

* * *

Hajiya ta ce a'a tun kafin ya gama magana. Ta ce akwatin mijinta ba juji ba ne da za a shiga ana tone-tone. Ta ce ta kira shi ne ya nemo mata mai laifi, ba ya taɓa mata abin da ya rage mata ba.

Mai Sawu ya saurare ta har ta ƙare. Ya ce gaskiya ne, hakkinta ne. Sai dai gobe Juma'a, kuma akwai yarinya a kujerar baƙi wadda yayanta ke kwance yana ganin ita ta karya shi. In amsar tana cikin akwatin nan aka bar ta a rufe, to Hajiya ce za ta miƙa sunan, ba marigayi ba.

Ta dube shi kamar ta kore shi. Sannan ta ce kowa ya fita ban da shi, ta buga kalmar sirrin da kanta, ta juya wa allon baya.

Wasiƙu dubbai ne a ciki, yawancinsu masu cuta, na shekara biyar. Mai Sawu ya tafi kai tsaye ran uku ga wata. Ga ta Bakanike, ƙarfe huɗu, da takardarta lafiya lau: birkin lamba goma sha huɗu ya mutu, kada ta hau titi. Ga na mai tayoyi guda uku a jere. Amma a saman ta Bakanike akwai wata, sha biyu da minti arba'in, minti goma bayan canjin. Daga na'urar ɗaukar hoton takardu ta fito, zuwa akwatin ofis na kowa da kowa. Sunan fayil ɗin "gwaji", ba ƙari.

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya buga ta a takarda, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce wa Hajiya gobe da hantsi yana son kowa a baranda.

* * *

Suka taru a bakin ɗakin sanyi: Hajiya a kan kujera, Sakatariya a tsaye ta harɗe hannu, Injiniya, Bakanike, Kwamanda yana duba agogo. Direbobi suka yi cirko-cirko a tsakar gida suna leƙe.

Mai Sawu ya faɗi abin da aka yi a taƙaice. Wani ya shiga da kalmar da ke bayan kalanda, ya sa manhajar kariya ta haɗiye takardar Bakanike ba tare da ta gaya wa kowa ba, tun awa uku da rabi kafin a aiko ta. Wato mutumin ya riga ya san motar za ta faɗi. Kuma mutum ne mai taka-tsantsan, bai yarda da abin da bai gwada ba. Da ya gama sai ya ɗauki farar takarda, ya ɗauki hotonta a na'urar nan, ya sa mata suna, ya aika don ya ga ko za ta iso. Ba ta iso ba, hankalinsa ya kwanta.

Kwamanda ya ce to farar takarda ai ba ta da suna, a sallame su, motoci na jira.

Mai Sawu ya ce haka ne. Ya ɗauko fararen takardu ya miƙa wa kowa ɗaya, ya ce alfarma ɗaya yake nema, kowa ya ɗauki hoton tasa yadda ya saba. Sakatariya ta yi tsaki, ta ɗora takardar, ta jawo wani kwali da ke bayan na'urar ta rufe, ta danna. Injiniya ya danne tasa da littafin rajista. Bakanike ya ce shi bai taɓa taɓa abin nan ba, a nuna masa maɓallin. Aka zo kan Kwamanda. Ya ɗora takardar, fankar baranda ta ɗaga ta, ya kai tafin hannu zai danne, sai ya tsaya. Ya mayar da hannun aljihu.

"Wasan yara ne wannan," ya ce.

Mai Sawu ya warware takardar aljihunsa ya ɗora a cinyar Hajiya. Farin fili ne a tsakiya, baƙi a kewaye inda murfi ya kamata ya rufe. A gefen sama, inda hannu ya zarce takardar ya kwanta a kan gilashi, ga yatsu sun fito sarai har da zanen fata. Uku dogaye. Na huɗun ya tsaya a rabi.

 Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Fito da hannunka."

Bai fito da shi ba. Ya fara magana da sauri, da tsawar da ya saba, yana duban direbobi ba Hajiya ba. Ya ce e, ya ji birkin da ƙafarsa a hanyar gareji. Ya san kayan gyaran sai sun yi mako biyu. Mota biyu na kwance a lokacin, in ta uku ta kwanta masaƙa ta tafi, kuma waɗannan da ke leƙe su za su fara kuka. Mako biyu kawai ya so ya saya. Ya ma sa an ɗan ɗaure birkin a nan tsakar gida. Ya gaya wa direban ya riƙa bi a hankali a gangare. Ya ce wa ya taɓa tsayawa ya riƙe kamfanin nan kamar shi?

Bakanike ya yi kansa, direbobi biyu suka riƙe shi. Injiniya ya ce shi da ya zauna yana koya masa abu don Allah, ashe makami yake wasa masa.

Sakatariya ba ta ɗaga murya ba. Ta matso har gabansa.

"Mako biyu ka ce. Ran Talata kwana ashirin ke nan. Kuma da Yaya ya bugi katanga, kai ka fara cewa a ƙwace makullina. Kana tsaye a nan aka ce ni na karya ɗan'uwana, kana gyaɗa kai."



Hajiya ta sa lauya ya kira 'yan sanda. Ta ce daga yau ba motar da za ta fita don an ji shiru, sai takarda ta zo ta ce ta fita. Ta ce wa Injiniya ya mayar da komai yadda yake, ya yage kalandar nan, kuma kwafin wasiƙun da aka tare ya riƙa zuwa inda mai rai zai gani. Sannan ta ciro makullin tebur daga jakarta ta miƙa wa Sakatariya, ta ce ta yi haƙuri, ta koma kujerarta.

Sakatariya ta dubi makullin, ba ta karɓa ba. Ta ce shekara tara tana buɗe ƙofar nan kafin kowa, amma kwana uku aka ba ta kamar ɓarauniyar da aka kama a kasuwa. Ta ce ba a baranda za a ba ta haƙuri ba.

"A ina kike so?"

"A asibiti. Ke za ki shiga gaba, Hajiya, da takardar nan a hannunki. Ki faɗa wa Yaya da bakinki, matarsa tana ji."

 Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce a kawo mota, a kuma tabbatar wadda aka gwada ce.

Mai Sawu bai bi su ba. Ya zauna da Injiniya har aka mayar da alamomin ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kira mai tayoyi aka ce ya sake aikowa. Ba a jima ba kwamfutar da ke kan teburin Sakatariya ta yi ƙara. Wasiƙar ta iso babu fayil, da ɗan rubutun nan a ƙasa cewa an cire abin da aka maƙala. Mai Sawu ya karanta shi har ƙarshe, ya ɗora makullin kusa da allon inda za ta gani in ta ga damar dawowa, ya ɗauki hularsa.